Shekarar da Gabba Bai Ja Yara Ba

Litinin, 13 ga Janairu, da safe

An yi ruwa jiya. Ruwan sama, a tsakiyar Janairu. Ina wanke kofuna na ji shi yana sauka a kan rufi, har na duba ko famfo na bari a buɗe. Maigidana Heaika ya fita ƙofar gida ba hula, ya tsaya yana kallon sama kamar wanda aka zaga. Da ya shigo ya zauna ya hau ɗaura takalmi.

Surukata, Inna Gutnel, tana kujerarta ta bakin murhu. Ta ce, "Bar shi ya zuba. Ba ruwan ne abin tsoro ba, sanyin da zai biyo bayansa ne."

Yau da safe sanyin ya biyo.

Talata, 14 ga Janairu, da yamma

Taron kwamitin bikin Ranar Sami, ranar al'ummarmu ta makiyayan barewa, a makaranta. Shida ga Fabrairu ta matso, kuma Magga, shugabar kwamiti, ta fara rawar kai tun yanzu. Bana wai za a turo mana babbar baƙuwa daga kudu, daga babban birni, ta zo ta ga yadda muke bikin ranarmu.

Magga ta ce, "Ravdna, girki naki ne, ba sai an tambaya ba. Bidos za ki yi mana, farfesun barewa na gaske, kuma kada ki yi mana rowar kitse. Mutanen kudu su san ba yunwa muke ji ba."

Na ce, "Kitse kuwa sai ki hau tudu ki tambayi masu shi."

Aka yi dariya. Ni ba wasa na yi ba.

Sai ta ce, "Gabba fa? Heaika zai kawo shi ko?"

Na ce zai kawo. Gabba shi ne farin tsohon namijin barewan nan mai jan amalanken ƙanƙara. Kowace shekara, da an ɗaga tuta an gama waƙa, shi ke zagayawa da yaran makaranta. Na Lemet ne, ƙanen Heaika. A duk garkenmu shi kaɗai ya rage da tsagar kunne mai alamar Lemet. Tun shekarar da ƙasa ta kulle da ƙanƙara muka rasa Lemet, Heaika ne ke kai shi biki.

Na dawo na tarar bai sauko daga tudu ba.

Alhamis, 16 ga Janairu, da rana

Jovsset, abokin kiwon Heaika tun suna samari, ya biyo shan kofi. Ya shigo da wani falalen ƙanƙara a hammata ya ɗora mini a kan tebur. Kaurinsa ya kai tafin hannu. A cikinsa ga gansakukar da bareyi ke ci, fes da ita, kamar an adana ta don ado.

Ya ce, "Ga abincinsu nan. Suna jin ƙanshinsa, suna tono, kofato yana jini. Da gatari na ciro wannan."

Na ce, "Ko'ina haka yake?"

Ya ce, "Duk inda na sa gatari. Ke dai zuba mini kofi, ki sa busasshen nama a ciki, kafin shi ma ya zama tarihi."

Inna ta sa hannu ta shafa ƙanƙarar. Ta ce irin na waccan shekarar ne. Jovsset ya dube ni, na dubi tukunya.

Juma'a, 17 ga Janairu, da rana

Rana ta leƙo kan tudu yau, karon farko tun da duhun hunturu ya rufe mu, ja wur, ba ta daɗe ba ta koma. Yaran makaranta sun fito suna ihu, na soya musu fanke. A da ina jin daɗin wannan rana.

Asabar, 18 ga Janairu, da yamma

Ya dawo. Bai ci ba.

Litinin, 20 ga Janairu, da yamma

Sun fara hawa da abincin buhu. Kullum Heaika da Jovsset su loda amalanke su ɗaura a bayan babur ɗin ƙanƙara, su tafi tun duhu bai yaye ba. Amma bareyinmu ba su san abin buhu ba. Wasu su sansana su juya. Waɗanda suka ci, zawo ya kama su. Garke ya watse, kowace ta kama gabanta neman inda ƙasa ke da taushi, wasu har bakin titin mota.

Na tambaye shi, "Bareyin da ke da ciki fa?"

Ya ce, "Ravdna, akwai ruwan zafi?"

Na ba shi ruwan zafi. Abin da nake da shi ke nan.

Talata, 21 ga Janairu, da safe

Na fita zubar da toka, sai na ga sawu a kan dusar ƙanƙara. Daga ƙofar gida zuwa ɗakin ajiya na bayan gida. Ba wanda ya buɗe ɗakin nan tun ranar da aka fito da gawar Lemet daga ciki. Ko itace ba ma ajiyewa a gefensa.

Sawun ya je bakin ƙofa. A nan an tattake wurin sosai, alamar mutum ya daɗe a tsaye. Sannan ya dawo.

Na san takalmin. Ni na ɗinke masa bakinsa da kaka.

Na ɗauko shebur na share sawun kafin Inna ta leƙo ta taga. Ban san amfanin hakan ba.

Laraba, 22 ga Janairu, da safe

Na cire makullin akwatin bindiga daga ƙusar bayan ƙofa. Ba zan rubuta inda na sa shi ba.

Wuƙa kam ba yadda zan yi. Makiyayi ba ya rabuwa da wuƙarsa.

Alhamis, 23 ga Janairu, da yamma

Ya dawo. Ya ci kaɗan.

Na lura yanzu kunnena ya koyi kukan baburinsa. Ina cikin kicin ɗin makaranta, tukwane na tafasa, yara na hayaniya, amma ko daga nesa wani babur ya wuce na san ba nasa ba ne.

Juma'a, 24 ga Janairu, da yamma

Ya lura.

Ya tsaya a bayan ƙofa yana shafa ƙusar. Ya ce, "Ravdna, ina makullin?"

Na ce, "Wanne?"

"Kada ki mai da ni yaro. Akwai wata barewa ta karye a kwazazzabo. In na matso da wuƙa sai ta zabura da ƙafa uku ta ƙara faɗuwa. Tun jiya take wahala."

Na ce, "Jovsset yana da tasa."

Ya dube ni. Mun yi shekara kusan talatin tare, ban taɓa ganin wannan kallon ba. Ba fushi ba ne. Da fushi ne da na ji sauƙi.

Ya ce, "Ashe abin da kike zato ke nan."

Na ci gaba da yanka albasa.

Ya ce, "Ni ba Lemet ba ne."

An daɗe ba a faɗi sunan nan da ƙarfi a gidan nan ba. Inna ta miƙa hannu ta ƙara muryar rediyo. Ana ta labarin farashin kifi, mu uku muna saurare kamar masunta.

Ban ba shi ba. Ban sani ba ko na kyauta. Wata dabba tana can kwance a kwazazzabo saboda ni.

Lahadi, 26 ga Janairu, da rana

Na kai Inna coci. Heaika ya ce shi yana da aiki.

Da muka dawo ta sa na fito mata da gaktinta, rigarmu ta gargajiya, wai a fara shanya ta ta sha iska kafin biki. Na ce, "Inna, da saura fa."

Ta ce, "Ke kin san saura. Ni a shekaruna ba na ajiye komai sai gobe."

Tana shafa jan bakin rigar tana ba ni labarin da na sha ji. Yadda aka kai ta makarantar kwana tana ƙarama, ba ta jin ko kalma ta yaren malamai. Yadda aka tsayar da ita a gaban aji don ta nemi ruwa da yarenmu. Yadda ta ɓoye takalminta na fata a ƙarƙashin katifa don kunya. Ta ce, "Shi ya sa in an ɗaga tutar nan ba na zama. Ko gwiwa ta ƙi, sai na tsaya. Su gan ni."

Na ce bana Magga tana so a sa masu yoik, waƙarmu ta gargajiya, bayan jawabi.

Ta taɓe baki. "Waƙar mashaya. A yi, ni zan toshe kunne."

Inna ta tashi a gidan masu tsananin addini, a wurinsu yoik zunubi ne. Ba ta taɓa bari an yi shi a ƙarƙashin rufinta ba. Lemet kuwa ba wanda ya kai shi. Kowa a danginmu shi ya yi masa nasa amon, har karnuka. Sai ya hau tudu yake sakin murya.

Da zan fita ta kama hannun rigata. Ta ce, "'Yar nan, inda kika sa makullin nan, ki bar shi a can."

Ashe duk tana gani.

Talata, 28 ga Janairu, da yamma

Na kira 'yarmu Aile a birnin Tromsø, inda take karatun jinya. Na yi niyyar maganar biki kawai. Tana jin muryata ta ce, "Mama, me ya faru?"

Na ce ƙasa ta kulle.

Ta ce, "Wannan na gani a labarai. Baba nake tambaya."

Na ce yana nan.

"Yana barci?"

Na koma maganar biki.

"Mama, ki kai shi wurin likita."

Na ce, "Ki zo ki saɓa shi a kafaɗa ki kai shi. Ni ya fi ƙarfina."

Ta ce tana da jarrabawa, amma za ta taho jajibirin biki. Ta ce in riƙa yi masa magana. Me zan ce masa? In ce ƙanƙara za ta narke? Ya fi ni sanin ba za ta narke ba sai bazara.

Laraba, 29 ga Janairu, da yamma

Ya dawo.

Alhamis, 30 ga Janairu, da rana

Na je asibitin gari ni kaɗai. Na zauna a layi kamar mai ciwo. Ma'aikaciyar jinyar yarinya ce mai kirki, ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce ƙofa a buɗe take ko yaushe, amma sai ya yarda ya zo da ƙafarsa. Ta ce ko ya taɓa faɗin wani abu ƙarara?

Na ce bai faɗa ba. Mutanenmu ba sa faɗa. Lemet ma ranar ya sha kofi da mu, ya yi wa Aile tsiya a kan gashinta.

Na fito na zauna a mota har gilas ya yi hazo.

Juma'a, 31 ga Janairu, da yamma

An fara kawo naman biki. Kowane gida ya ba da abin da ya samu daga yankan kaka, na cikin firji. Heaika ya sauko da biyu da suka yanka a tudu don sun kasa tashi. Na duba, ba kitse ko na shafa wa tukunya.

Inna ta ce a miƙo mata ƙashin ƙafa. Ta fasa shi da bayan wuƙa. Ɓargon da ya kamata ya fito fari, daskararre, sai ya zubo ja, tsululu kamar ruwan wankin nama.

Ta ajiye wuƙar. Ta ce, "Kada ki sa wannan a tukunyar biki. Ba a ciyar da jama'a da yunwa."

Asabar, 1 ga Fabrairu, da yamma

Sun samo Gabba. Yana can shi kaɗai a gindin wani dutse. Heaika ya sauko da shi a amalanke ya sa shi a shingen bayan gida. Haƙarƙarinsa duk a waje, amma ya miƙe da kansa.

Jovsset ya samo gansakuka buhu guda daga wani mutum a tsallaken iyaka. Heaika ya jiƙa ta da ruwan ɗumi yana ba shi a tafin hannu. Ya ci!

Lahadi, 2 ga Fabrairu, da rana

Yau Heaika ya ci abinci har ya nemi ƙari. Na leƙa ta taga na gan shi tsugune a gaban Gabba, yana ta yi masa magana. Abin da bai gaya mini a makonnin nan ba, yana gaya wa barewa. Ban ji kishi ba. Ya gaya wa ko dutse ne, in dai zai fito.

Na yi burodi. Na kama kaina ina waƙa.

Litinin, 3 ga Fabrairu, da yamma

Magga ta zo duba Gabba. Tana ganinsa ta rufe baki da hannu. Ba muguwa ba ce, ita ma 'yar makiyaya ce, sai dai biki ya cika mata kai.

Ta ce, "To ba sai ya ja yara ba. Ko tsayawa kawai ya yi, a sa masa kwalliyarsa, baƙuwar ta ɗauki hoto da shi. An riga an gaya mata akwai farin barewa."

Heaika ya ce, "Magga, ki hau da ita tudu. Akwai masu yawa a can da za su tsaya mata cak. Ko kunne ba za su motsa ba."

Magga ta ce, "Haba Heaika."

Ya ce, "Wallahi. Har farare akwai."

Ta tafi ba ta sha kofinta ba. A bakin mota ta ce mini, "Ki yi haƙuri, Ravdna. Ni ma ban san me zan yi ba, shi ya sa nake ta yin biki."

Na gane ta sarai. Ni ma shi ya sa nake ta yin girki.

Talata, 4 ga Fabrairu, da safe

Gabba bai tashi ba.

Talata, da yamma

Ya ƙi ci. Heaika ya rufa masa bargon gadonmu.

Laraba, 5 ga Fabrairu, da yamma

Aile ta iso da motar rana. Ta tarar da ni a kicin ɗin makaranta da mata, muna feren dankali da karas. Ta ɗauki wuƙa ta zauna kusa da ni ko jaka ba ta ajiye ba.

Da muka koma gida sai muka tarar da wani Heaika daban. Ya yi wanka, ya yi aski. Ya rungume ta ya ce, "Likitar gidanmu! Ko allura kika zo yi wa tsoho?" Ya ce birni ya ramar da ita, wai ko a can ganye kawai ake ci. Ya ci abinci sosai. Ya gyara ƙofar firjin da na yi wata da watanni ina mita a kai.

Sai ya shiga ɗaki ya fito da ɗamararsa ta biki, mai maɓallan azurfa, wadda ya gada daga mahaifinsa. Ya ba Aile. Ya ce ta yi masa yawa yanzu, ta ajiye wa ɗanta.

Ta ce, "Baba, ko saurayi ba ni da shi."

Ya ce, "To ki yi sauri."

Na ji sanyi a raina, na ce ko Allah ya kawo sauƙi. Muna wanke kwanuka Aile ta matso ta ce a hankali, "Mama, wannan fara'ar ba ta kwanta mini ba."

Na ce, "Ke dai ba a iya miki. Ya yi shiru kin ce, ya yi dariya kin ce."

Ta ce, "Gobe kada mu bar shi shi kaɗai."

Alhamis, 6 ga Fabrairu, da safe

Ba ya nan.

Babur ba ya nan, amalanke ba ya nan, Gabba ba ya nan. Wayarsa tana kan tebur, kusa da kofin da ya wanke ya kife. Akwatin bindiga a kulle yadda yake. Ya tura baburin ne da hannu har gangare kafin ya tayar, ga sawun nan, shi ya sa kunnen nan nawa da nake taƙama da shi bai ji komai ba.

Na je ɗakin baya. Ni na buɗe. Ba kowa.

Jovsset ya zo ko rigar sama bai gama zugewa ba. Ya dubi sawun ya ce arewa ya yi, kuma iska ta fara rufe shi. Aile ta haye bayansa a babur da jakar magani. Na ce zan bi su.

Ya ce, "A kan me? A kaina? Je ki juya tukunyarki, Ravdna. In kika zauna a gidan nan sai kin haukace kafin mu dawo."

Inna ta fito daga ɗaki cikin gaktinta, ta ɗaura mayafin siliki, ta maƙala azurfarta. Ta ce, "Sa taki rigar. Mu tafi."

Na ce, "Inna, ɗanki..."

Ta ce, "Na sani. Sa rigar."

Alhamis, da yamma

Zan rubuta yadda aka yi.

An ɗaga tuta a gaban makaranta. Iska na kaɗa ta, ja da shuɗi, kore da rawaya. Garin duka ya fito cikin gakti. Aka yi waƙar al'umma. Inna ta tsaya ƙyam, ta ƙi riƙe hannuna. Yara suna ta waiwaye suna neman Gabba. Wata 'yar ƙarama ta tambaye ni ko ya makara ne. Na ce e.

Aka shiga ɗakin taro. Na tsaya bayan tukunya da ludayi, wayata a aljihun gaba. Baƙuwar ta yi jawabi. Mace ce mai fara'a, ta koyo gaisuwa da yarenmu, aka tafa mata. Ta yi maganar tarihinmu, da kakanninmu da suka fara haɗuwa a irin wannan rana don neman haƙƙinsu, da irin gudummawar da muka ba ƙasa. Ta ce mu mutane ne da ba abin da ke karya mu. Ta ce mun san yadda ake zama lafiya da ƙanƙara.

Duk makiyayan da ke wurin kansu na ƙasa. Kowa ya san wanda ba ya nan. Ba wanda ya tambaye ni. Sai dai duk wanda ya miƙo kwano ya ɗan daɗe yana kallona, wasu tsofaffi su taɓa mini hannu. Baƙuwar ta zo ta ce ba ta taɓa cin farfesu mai daɗin wannan ba. Na ce na gode. Na ƙara mata.

Ana shirin kiran masu yoik sai na ga Inna ta dafa tebur ta miƙe. Na zaci fita za ta yi ta toshe kunnenta. Ba ta fita ba. Ta rufe ido ta buɗe baki.

Amon Heaika ne. Wanda Lemet ya yi masa suna samari, mai tafiya a hankali kamar mai hawan tudu da kaya. Ban san ta san shi ba. Ashe duk shekarun nan tana ji ta taga. Muryarta ta tsufa, tana karyewa, tana komawa ta sake ɗauka. A wurinmu in ka yi amon mutum, kiransa kake yi ya zo. Wani tsoho ya kama mata. Sai wani. Sai duk bayan ɗakin.

Da ta gama, baƙuwar ta fara tafi, ta ga ita kaɗai ce, ta sauke hannu. Ina jin a lokacin ta gane akwai abin da ba a sa a jerin shirin biki ba.

Inna ta zauna. Ta ce da ni, "Allah ya yafe mini. Ba ni ruwa."

Ban san tsawon lokacin da ya wuce ba. Na kwashe kwanuka. Na goge tebur ɗin da na riga na goge. Har duhu ya fara.

Sai aljihuna ya yi motsi.

Aile ce. Iska ta cika wayar. Ta ce, "Mama, mun same shi." Sai ta ce, "Yana numfashi. Mama, kina ji na? Yana numfashi."

Na zauna a ƙasan kicin da gaktina. Magga ce ta kashe wutar tukunya.

Juma'a, 7 ga Fabrairu, da yamma

A bakin tafkin da mahaifinsu ke kafa tanti da rani suka same shi, inda Lemet ya hori Gabba da ja. Heaika ya sallami Gabba da wuƙa, yadda ya kamata. Sannan ya tuɓe rigarsa ta sama ya rufa masa, ya cire safar hannu, ya jingina da shi ya zauna.

Jovsset ya ce da ya hango shi bai san lokacin da ya fara zagi ba. "Tashi, ɗan banza! Ni za ka bar wa bareyinka masu zawo? Wa ya ce maka ina so?" Ya ce yana zagi yana kuka, majina na daskarewa a gemunsa.

Heaika yana asibiti. Yatsu biyu na hannun dama, likita ya ce sai an jira an gani. Da na shiga ya juya fuska bango. Na zauna. Can ya ce, "An ci bidos ɗin?"

Na ce an cinye.

Ya ce, "Na gaji, Ravdna."

Na ce na sani.

Ban gaya masa abin da Inna ta yi ba. Ita za ta faɗa in ta ga dama.

Asabar, 8 ga Fabrairu, da rana

Ya yarda a kai shi inda ake da likitocin da ke jin yarenmu. Aile ce ta yi masa magana, ba ni ba. Ba su faɗi ranar dawowa ba.

Na ba Jovsset makullin. Ya kwashe abin da ke akwatin ya kai gidansa.

An sauke tuta. Na mayar da tukwanen makaranta.

Talata, 11 ga Fabrairu, da yamma

Aile ta ajiye karatu zuwa wani lokaci. Ni ma na nemi hutu. Yau muka hau tudu da Jovsset, ni da Aile a babur ɗin Heaika. Rabona da tuƙin babur tun kafin a haife ta. Na kifar da mu a gangare, buhu ya fashe, muka tsince abincin da hannu.

Na ga abin da yake gani kullum. Ba zan rubuta ba.

Waɗanda suka rage sun fara sabawa da buhu. Da suka ji babur wasu suka taso, a hankali, suna tangaɗi.

Muna can ya kira, an ba shi waya. Bai tambayi lafiyata ba. Ya ce, "Daga ina iska take?"

Na cire safar hannu na ɗaga yatsa kamar sakara. Na ce, "Ina jin daga yamma."

"Kina ji, ko daga yamma take?"

"Daga yamma."

"To gobe ku kora su gabas, bayan duwatsun nan. Wataƙila ruwan bai kama can sosai ba. Ki sa tsofaffin mata a gaba, sauran za su bi."

Na ce, "Heaika, ni fa ban iya ba."



Ya ce, "Ni ma ban iya ba, Ravdna. Ba wanda ya iya wannan. Ki dai sa tsofaffin a gaba."